Kofin da Aka Kife a Kan Tasi

Wata motar tasi ta zame daga kan jak ta danne babban makaniken garejin kamfaninsu ranar Talata, jim kaɗan bayan hutun cin abincin rana. Ya cika kafin a ciro shi. Kafin rana ta faɗi 'yan sanda sun fita da mutum ɗaya daga garejin da ankwa a hannu, amma ba wadda kowa ya fara nunawa da yatsa ba ce.

Wadda aka nuna ɗin ita ce direbar motar, kuma ƙanwar mamacin, uwa ɗaya uba ɗaya. Auta ake ce mata.

Lokacin da Sufeto ya iso shi da Sajensa, an riga an rufe gawar da tamfol a gefen ɗakin gyara. Direbobi sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Motar tana zaune a karkace, bayanta ya kusa taɓa bango, jak ɗin kuma yana kwance can gefe.

Manajan garejin, wani gajere mai yawan share gumi, shi ya tarye su.

"Tsautsayi ne, yallaɓai. Amma tsautsayin da sakaci ya jawo."

"Wane ne mamacin?"

"Kunne muke ce masa. Da kunne yake gane ciwon mota tun ba a buɗe ta ba."

"Sakacin wa?"

Manaja ya dubi direbobin, ya rage murya. "Ka san irin motocinmu?"

"Na sha hawa. Ban taɓa leƙa cikinsu ba."

Manaja ya buɗe ƙofar baya a hankali. An cire kujerar. A gurbinta ga wata baƙar tukunyar ƙarfe a rufe ruf, faɗinta ya kai babban faranti.

"Cikin tukunyar nan akwai faifan ƙarfe mai nauyi, yana juyawa. Direbobi suka raɗa masa mazari. Da safe mu cika shi da lantarki a turken caji, ya ɗauki gudu. In direba ya taka birki, ƙarfin ya koma cikinsa. In zai tashi, mazari ya tura motar. A cunkoson birni, inda tsayawa ta fi tafiya yawa, mai kaɗan muke sha. Matsalarsa ɗaya: babu iska cikin tukunyar, don haka ba ya ƙara. Ko ka kashe mota ka zare makulli, shi bai san an kashe ba."

"Me ya haɗa wannan da jak?"

"A kan titi tukunyar lilo take yi a mazauninta, ba ruwanta da gargada. To mazaunin ne ya lalace, shi Kunne yake gyarawa, ya ɗaure tukunyar da jikin mota da kusoshi. Mazari mai gudu kuwa ba ya son a karkata shi. Ka ɗaga gefe ɗaya, sai ya fizge motar ya yi gefe da ita, kamar akuyar da ta ƙi igiya."

Sufeto ya tsuguna. Jak ɗin ya kankare siminti, kuma sawun bai miƙe ba, ya lanƙwasa ne ya nufi bango. Motar ba faɗowa kawai ta yi ba, wurgi aka yi da ita.

"Doka ce," in ji Manaja. "Duk direban da ya kawo mota gyara, sai ya fara jona ta a turken saukewa, mazari ya mutu murus. Na tambayi mai gadi. Yau da safe Auta ba ta je turken ba."

"Babu abin da ke nuna mazari yana da rai?"

"Akwai jar fitila kusa da sitiyari."

Sufeto ya leƙa. Fitilar a mace take.

"Ina jin faɗuwar ce ta kashe ta," Manaja ya faɗa da sauri.

Wani dogo mai usur rataye a wuya ya matso, idanunsa sun yi ja. Shi ne Mai Layi, mai tsara wace mota za ta fita da wadda za ta jira. Ya ce shi da Kunne tare suka fara aiki, tun ana tura mota da hannu.

"Abin da ya fi ƙona mini rai, yallaɓai, yau ko kofin bai sa ba."

"Wane kofi?"

"Shi bai yarda da fitila ba. Kafin ya taɓa mota sai ya cika kofi da ruwa ya ɗora kan tukunyar. In ruwan ya yi rawa, mazari na da rai. In ya kwanta, sai ya shanye ruwan ya kife kofin a kan rufin motar. Kowa ya ga kofi a kife ya san ta mutu. Amma yau ga shi can a kan kantar kayan aiki. Ajali in ya yi kira, ko gwani sai ya manta."

Kofin na gwangwani ne, yana zaune a tsaye tsakanin gwangwanayen giris. Sufeto ya ɗauke shi da hankici ya juya shi. Bakinsa ya lotsa a gefe ɗaya, kuma wurin da ya lotsa yana ƙyalli, bai yi datti ba tukuna.

Ya miƙa wa Saje. Sannan ya koma wajen motar ya yi ɗage, ya kawo idonsa daidai da rufin. A cikin ƙurar da ke kai akwai zagaye ɗaya, girman bakin kofi, da wani dogon sawu da ya taso daga zagayen ya zarce har gefen rufin.

Ya sa Saje ya ɗauki hoto, ya kuma sa aka kira injiniyar kamfanin da ya ƙera mazarin.

Auta tana zaune a ɗakin hutun direbobi, kan benci, ƙarƙashin ƙugiyoyin da ake rataye makullai. Ba ta kuka. Ta ɗora hannuwanta a gwiwa kamar mai riƙe da sitiyari.

"Kin sauke mazarin yau da safe?"

"Na sauke."

"A turke?"

"A turke."

"Mai gadi ya ce bai gan ki a can ba."

"Mai gadi da rediyonsa ko giwa ta wuce ba zai gani ba."

"To ke wa kika gani a wajen turken?"

Ta kawar da kai gefe.

"Baiwar Allah, ramin ƙarya ƙurarre ne. Manajanku yana so in rubuta cewa sakacinki ya kashe yayanki. In na rubuta, kotu ce, kuma ko kotu ta sake ki, sunan ba zai sake ki ba. Ki ba ni abin da zan rubuta wanda ba wannan ba."

"Ban je turke ba. Layi ya yi tsawo."

"Sai kika yi yaya?"

"Yadda kowa yake yi. Akwai hawa a bayan gareji. Ka kashe inji, ka bar mazari shi kaɗai ya ja motar har ta tsaya da kanta. In ta tsaya, ya gama. An hana, amma babu direban da ba ya yi."

"Ta tsaya?"

"Ta tsaya. Har baya ta fara yi, na taka birki." Ta dubi hannuwanta. "Tun ɗazu nake hawa tudun nan a cikin kaina, yallaɓai. Wani lokaci in ga ta tsaya. Wani lokaci in ga kamar ni na tsayar da ita don ina sauri. Ban sani ba kuma."

"Kin gaya wa yayanki ba ki je turke ba?"

"Na gaya masa. Ya ce, 'Ke da gaggawa kamar an biyo ki da wuta.' Ya ce ba komai, kofi zai faɗa masa gaskiya."

"Kin ga ya sa kofin?"

"Na tafi kafin nan."

Da suka fito, Saje ya ce, "Biri fa ya yi kama da mutum, yallaɓai. Ta yi ƙarya tun tambayar farko."

"Ta yi. Amma ƙaryarta ba ta lotsa kofi ba."

Gidan Kunne bai da nisa da garejin, hawa na biyu a wani tsohon bene. Falon ƙarami ne. Mata sun cika shi, an ture teburi jikin bango. A kan teburin har yanzu ga farantin da ya ci abincin rana, da cokali, da kofin gilashi a kife.

Matar mamacin ta fito baranda ta same su, ta jingina da ƙarfen barandar.

"In wajen waccan kuka zo mini da magana, ku koma. Shi ya goye ta, shi ya koya mata tuƙi, shi ya roƙa aka ɗauke ta aiki. Ga sakayya. Kada ta tako mini gida, ko gaisuwa ba na so."

"Allah ya ji ƙansa, ya ba ku haƙuri. Tambaya biyu kawai gare ni. Ya zo cin abinci yau?"

"Kullum yana zuwa."

"Ya yi maganar aiki?"

"Ya ce motar Auta ta tsaya masa, yana jiran wani ƙarfe daga sito. Na ce to ka bar ta a rataye? Ya ce, 'Ni na taɓa barin mota a kan jak in tafi? Na sauke ta, in na koma in sake ɗagawa.'"

Sufeto ya dubi Saje. "Ke nan ya riga ya ɗaga ta da safe."

"Haka ya ce."

"Kuma ba ta yi masa komai ba."

Matar ta ɗago kai ta dube shi a karon farko.

"Ana cewa yau ya manta bai sa kofinsa ba," in ji Sufeto.

"Wa ya faɗa? Mutumin da ko a gida in ya sha ruwa sai ya kife kofi? Ga shi can kana gani. Mun yi faɗa a kan haka har na gaji, duk teburin ya yi zane. Ya manta sunana dai, na yarda. Kofi kam a'a."

A kan matakala Saje ya ce, "In mazarin yana da rai tun safe, da tun ɗagawar farko ta yi wurgi da shi."

"Da safe a mace yake. Bayan abinci yana da rai. Abin da ya rage mu san wa ya tashe shi."

Sun tarar Injiniya ta iso, mace mai gilashi da ƙaramar jaka. Sufeto ya sa aka tattara ma'aikata duka a ɗakin hutu, ɗan sanda ya tsaya a ƙofa yana ɗaukar bayaninsu ɗaya bayan ɗaya. Aka ja ƙofar ɗakin gyara aka rufe.

Injiniya ta jona na'urarta a jikin tukunyar. Ta dubi allon, ta cire gilashinta ta goge, ta sake duba. Sannan ta ja da baya taku ɗaya.

"Kada kowa ya jingina da motar nan."

"Yana da rai?"

"Ba rai kawai ba. Kusan a cike yake."

Sufeto ya ɗora tafin hannunsa a kan tukunyar. Sanyi ƙalau, babu ƙara. Sai da ya daɗe sannan ya ji wata 'yar tsuma a ƙashin yatsunsa, kamar kyanwa tana barci a ƙarƙashin bargo. Ya janye hannun.

"Direbar ta ce a kan hawa ta sauke shi. Zai iya rage wannan?"

"A'a. Hawa yana barin ɗan kaɗan, shi ma kafin hantsi ya mutu. Kai, ko da ba ta sauke shi sam ba, motar da ta yi aikin safe ba za ta dawo da wannan gudun ba. Mazari ba ya ƙara wa kansa gudu, Sufeto. Cika shi aka yi, a nan, ba da daɗewa ba. In aka bar shi zai kai gobe yana juyawa."

"Fitilar fa?"

Ta kwanta a kujerar direba ta haska ƙarƙashin sitiyari da tocila. "An yanke wayarta. Ba yau ba, bakin wayar har ya yi tsatsa."

Turken caji yana waje, a tsakar gareji, bayan bangon ɗakin gyara. Tsakaninsu akwai taga ɗaya mai ƙarfe. Sufeto ya shafa dakalin tagar. A kusurwa ɗaya fentin ya goge, ya yi baƙi da santsi, irin na wurin da roba ta daɗe tana gogawa.

Makullin turken mutum biyu ke riƙe da shi. Sufeto ya sa aka kawo su ɗaya bayan ɗaya.

"Ana cika mota a cikin ɗakin gyara?"

"Haram!" in ji Manaja. "Igiyar cajin ma ba ta kaiwa."

"Ina kake lokacin hutu?"

"Ofis."

"Mai gadi ya ce ka fita da motarka."

"Au... na ɗan leƙa makarantar yara. Na manta."

Mai Layi ma ya ce igiyar ba ta kaiwa. Ya ce lokacin hutu yana bakin ƙofa yana raba faɗan direbobi biyu a kan wa ya riga wa, kuma kowa ya ji usur ɗinsa.

Da aka mayar da su, Saje ya zagaya waje ya zuro igiyar cajin ta taga. Ta bi ta kan baƙin wurin nan daidai, ta sauko, ta kai jikin motar har da saura.

"Duk su biyun maƙaryata ne," in ji Saje. "Wanne za mu ɗauka?"

"Wanda ya san abin da ke cikin tukunyar."

Sufeto ya ja Injiniya gefe suka yi magana ƙasa-ƙasa. Ta girgiza kai da farko, daga baya ta buɗe jakarta. Ƙofar ɗakin ta ci gaba da zama a rufe har rana ta yi sanyi.

Da aka buɗe, Sufeto ya sa aka fito da kowa. Suka tsaya a bakin ɗakin, Manaja da Mai Layi a gaba, Auta a can ƙarshe ita kaɗai, babu wanda ya tsaya kusa da ita. Injiniya tana gefe tana naɗe wayoyinta, ba ta dubi kowa ba.

"Na kusa gamawa," in ji Sufeto. "Saura in ciro kusar da mamacin yake ɗaurawa, ita ce shaidar da zan kai kotu. Manaja, motar nan tun safe ta shigo. Ragowar mazarin safe zai kai war haka?"

"Ba zai kai ba, yallaɓai. Ya mutu tuni."

"Mai Layi?"

Mai Layi ya taɓa usur ɗinsa. "Haka ne... ragowar safe ba ya kaiwa."

"Madalla. Saje, kawo jak."

Wani tsohon direba ya ce, "Yallaɓai, a ɗora kofi dai tukuna."

"Kofin yana cikin jakar shaida. Ba ni da lokacin wasan ruwa, baba."

Ya cire hularsa ya miƙa wa ɗan sanda, ya fara naɗe hannun riga. Sai ga Auta ta ratso mutane.

"Ba ka san inda kusar take ba, yallaɓai. Ni na sani, na sha riƙe masa fitila."

"Koma baya."

"In ragowar da na bari ce ta kashe shi, ai sun ce ta mutu yanzu. In kuma ba ta mutu ba, ni ya kamata ta samu."

Sufeto ya dube ta, ya dubi Injiniya. Injiniya ta sunkuyar da kai kaɗan. Ya matsa gefe.

Auta ta kwanta a kan simintin, daidai inda aka wanke jinin yayanta, wurin bai gama bushewa ba. Ta tura kanta da kafaɗunta ƙarƙashin motar. Saje ya saita jak ɗin a gefe guda, ya sa ƙarfen ɗagawa, ya danna.

Jak ya yi ƙara. Motar ta motsa.

Sufeto ba motar yake kallo ba. Manaja ya zaro hankici yana share wuya, idonsa a kan agogon bango. Mai Layi kuwa ya damƙe usur ɗin har jijiyoyin hannunsa sun fito.

Saje ya sake dannawa. Tayar baya ta rabu da ƙasa.

"Ƙara," in ji Auta daga ƙasa. "Hannuna bai kai ba."

Saje ya ɗaga ƙarfen zai danna na uku.

"Tsaya!"

Mai Layi ya yi tsalle ya ture Saje, ya faɗi a gwiwa ya kama ƙafafun Auta ya fizgo ta waje da ƙarfi har rigarta ta yage.

"A cike yake! Wallahi a cike yake, zai kashe ta! Ku sauke a hankali, kada wanda ya taɓa!"

Babu wanda ya motsa. Motar tana nan a karkace a kan jak, shiru, ba ta yi ko gezau ba.

"Injiniya ta sauke shi tun ɗazu," in ji Sufeto. "Ya mutu murus. Amma ka yi gaskiya, a cike yake da muka zo. Mu uku muka san haka, ni da ita da Saje. Kai wa ya gaya maka?"

Mai Layi ya saki ƙafafun Auta, ya zauna daɓas a ƙasa.

"Na ga motar a ƙasa," ya ce, muryarsa a dishe. "Ba jak, an kwashe sufanu, an rufe ƙofofi. Na ɗauka ya gama. In ya gama mota ya tafi cin abinci, nakan zuro igiya ta taga in cika ta, don direba ya dawo ya fita kai tsaye, ba sai ya bi layin caji ba. Na daɗe ina yi. Shi bai sani ba, da ya sani da ya ci mutuncina. Yau na ce yarinyar nan ta rasa aikin safe, kada ta rasa na yamma."

"Ba ka ga kofin a kife a kan rufi ba?"

"Na gani. Kullum ina ganinsa. Ni a wajena kofi a kife yana nufin ba abin tsoro. Ban tsaya na yi tunanin shi ma abin da zai gani ke nan in ya dawo ba." Ya rufe fuska da hannu. "Kofinsa ya gani, ya yarda da shi. Ina bakin ƙofa na ji ƙarar."

"Wa ya fara shigowa?"

"Ni."

"Kofin yana ina?"

"Ya faɗo, ya gangara jikin bango."

"Yana da rai lokacin, abokin naka?"

"Ƙafarsa tana motsi."

"Sai ka yi me?"

"Na yi ihu a kawo ƙugiyar ɗaga mota."

"Kafin ihun."

"Na ɗauke kofin na mayar kan kantar kayan aiki."

Wani daga cikin direbobin ya yi salati. Manaja ya fara cewa shi bai taɓa sanin ana zuro igiya ta taga ba. Sufeto ya ce masa ya adana maganar, za a neme shi a ofis da safe.

Auta ta tashi zaune, gefen fuskarta duk jiƙaƙƙen siminti. Ta dubi Mai Layi.

"Yaya," ta ce, kamar yadda take kiransa tun tana ƙarama. "Ɗazu kai ka kawo mini ruwa a ɗakin hutu. Ka ce in yi haƙuri, kowa yana kuskure."

Bai ɗago ba.

Saje ya ɗaga shi tsaye ya sa masa ankwa. Da za su fita, Mai Layi ya sunkuyar da kai, ɗan sanda ya zare masa usur ɗin daga wuya ya jefa a jakar shaida, kusa da kofin. Direbobi suka dare suka ba su hanya.

A bakin mota Sufeto ya tsayar da shi. "Saura abu ɗaya. Wayar jar fitilar. Da tana aiki, da ya ga ja kafin ya taɓa jak."

"Ba ni ba ne, yallaɓai. Na faɗi wadda ta fi wannan muni, me zai sa in ɓoye ta? Ban ma san a yanke take ba."

Aka tafi da shi. Za a gurfanar da shi bisa jawo mutuwa ta hanyar ganganci da kuma ɓata shaida.

Sufeto ya aika Saje gidan mamacin ya gaya wa matar abin da aka gano, da bakinsa, kafin labari ya isa a karkace. Auta ta bi shi, amma ta tsaya a gindin matakala. Saje ya ce da ya sauko ya bar ta a nan, kuma ƙofar sama a buɗe take.

Kafin a rufe garejin, Injiniya ta bi motocin da ke tsakar gida da tocilarta ɗaya bayan ɗaya. Fiye da rabinsu an yanke musu wayar fitilar, a wuri ɗaya, da irin yanka ɗaya. Direbobi sun ce fitilar tana da wani ƙaramin kuka mai damun fasinja, amma babu wanda ya ce ya san wanda ya yanke. Manaja ya ce shi ma yau ya fara ji.

Sauran motocin kamfanin, waɗanda ba a duba ba, suna kan titi a lokacin, suna ɗaukar mutanen da suka taso daga aiki.